Tulun Rifkatu da layin gwauraye

Shekara goma ke nan da rasuwar matata Rifkatu, kuma bana ne karon farko da na gode wa Allah da ba ta nan ta ga wani abu da idonta.

A littattafan soyayyar da na tashi ina karantawa, saurayi kan fara hango budurwa ne a cikin lambu, iska na kaɗa gyalenta. Ni a Gada Biyu ta Jos na fara ganin tawa, tana bin ayarin zumuntar matan majami'a da ƙaton tulu a ka, gumi na zuba mata, ga ta da kyau kamar an zana. Na ɗauka ruwa ta ɗebo. Ashe tulun kiɗa ne, wanda ake buga bakinsa da soso yana amsa waƙa da murya mai zurfi.

Sai bayan aurenmu na gane dalilin nauyinsa. Duk ranar da matan za su je yi wa wata gwauruwa ko marar lafiya waƙa, kowacce takan kawo ɗan abin da ta rage daga accar gidanta, a zuba cikin tulun. Da sun isa, Rifkatu takan ce sanyin Jos ya kama tulun, bari ta ɗan gasa shi a kicin. Can za ta juye accar a tukunyar matar gidan, ta fito da shi fayau, a kama waƙa. Maƙwabta waƙa kawai suke ji. Har matar tela Musulmi da ke bayan layinmu an yi wa wannan waƙar lokacin da mijinta ya kwanta jinya.

Yanzu majami'armu ta yi kibod da manyan lasifika, kuma ba na ƙin su. Yaran da ke kiɗan sun iya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne rabon Kirsimetin da ya wuce. An kira gwauraye ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, aka jera su a gaban jama'a, kowacce rungume da ɗan buhun shinkafa, aka ce su yi murmushi za a ɗauki hoto. Wata ta sunkuyar da kai, mai hoton ya ce Mama ta ɗago. A gefen bagade kuwa ga tulun Rifkatu an cusa masa furannin roba.

Mama Kaneng, aminiyar Rifkatu, wadda ke riƙon jikoki marayu, ta ƙi fitowa. Da na yi wa sakataren kwamitin rabon magana, ya ce masu ba da taimako suna son ganin shaida, wadda ba ta shiga hoto ba sai ta jira wani zagayen. Wato yaran su jira da yunwarsu har kakarsu ta yarda a nuna talaucinta a wayar kowa. Me Rifkatu za ta ce? Na san ba za ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Ni ne mai faɗan, kuma na yi.

Na roƙi tulun, aka ba ni ba musu, don ba wanda ya san amfaninsa. Ranar Asabar na cika shi da acca, na hau keke napep zuwa gidan Mama Kaneng. Ban iya kiɗa ba, muryata kuma ko a bikinmu dariya ta jawo. Na tsaya a ƙofarta ina haki, ina neman abin faɗa.

Ta dubi tulun ta dube ni.

"Mijin Rifkatu," ta ce, "sanyi ya kama shi, ko? Ga kicin can. Ni ban ga komai ba."

Da na fito, ta riga ta nemo soso.