Ranar da Yaya Ya Shiga Ramin Kuza

Yayana ya yi shekara tara yana aikin girki a wani otel na bakin teku, a ƙasar da ba a san sanyi ba. Duk hoton da zai turo mana, yana tsaye ne a kan farin yashi da kofi a hannu. Shekarar da ya zo mana Kirsimeti a Daɗin Kowa, ya taho da kwalbar giyar rake mai ƙamshin kwakwa, wadda ake ce wa rom. Ya ce irin wannan ba a shanta a falo, sai a bakin ruwa.

Mu a Jos ba mu da teku, sai tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika. Washegarin Kirsimeti da rana muka bar Mama a gida, ni da mijina da Yaya muka nufi wani a bayan gari. Muka shimfiɗa tabarma, na fito da ragowar shinkafa da kaza. Can gefe wani manomi da matarsa suna ban ruwan kabeji, injinsu yana ta ƙara.

Yaya ya matse abarba a kofuna, ya tsiyaya giyar a kai. Ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Zaƙinta ya hana ni jin ƙarfinta sai da kunnuwana suka ɗauki zafi. Ni kofi ɗaya na sha, shi ya sha uku, yana ba mu labarin masunta da ƙaguwa. Sai kawai ya miƙe ya tuɓe riga.

Na ce, "Yaya, wannan ba irin ruwanku ba ne. Rami ne fa."

Ya yi dariya ya ce, "Ke, ni da nake iyo a teku kowace safiya?"

Ya faɗa ruwan. Ya yi iyonsa tsaf har tsakiya, ya juyo ya ɗaga mana hannu. Muka ɗaga masa. Ya sake ɗagawa, amma wannan karon kansa ya nutse, ya fito baki buɗe, ba ihu, ba komai.

Mijina ya ce, "Tsokanarki yake yi."

Ni na ga fuskar Yaya, na san ba tsokana ba ce. Daga ni har mijina ba mai iya iyo. Duk da haka ya ruga ya shiga. Taku biyu ruwa yana gwiwarsa, na uku ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinsa, ya zurma har wuya. Na damƙo ƙwalar rigarsa na ja, muka zube tare a taɓo. Da na ɗago, Yaya ba ya saman ruwan. Koren ruwa kawai, shiru. A nan na fara ihu, da wata murya da ban san ina da ita ba.

Sai na ji ƙarar injin ta tsaya. Manomin ya taho a guje yana jan dogon tiyon ban ruwa. Yaya ya ɓullo, manomin ya jefa, tiyon bai kai ba. Matarsa ta zubar da ruwan wata jarka, ta ɗaure ta a bakin tiyon da ɗankwalinta, ta wurga da kanta. Jarkar ta faɗi kusa da kafaɗarsa. Sau biyu hannunsa yana zamewa kafin ya rungume ta. Mu huɗu muka ja.

Da muka fito da shi leɓɓansa sun yi toka-toka, ƙafarsa ta dama ta ƙage kamar itace. Ya yi ta amai. Matar ta hura wuta da karan masara, tana murza masa ƙafar tana faɗa.

"Oga, wannan ruwa ba ya wasa. Sama yana da ɗumi, ƙasa ƙanƙara ne. Shi ya kama maka ƙafa."

Haƙoran Yaya suna ta kaɗawa. Sai a mota ya ce, "Ƙanwata, kada Mama ta ji."

Na riƙe maganar har ya koma. Amma na yi makonni ko bahon wanka na cika sai gabana ya faɗi, Mama kuma ta lura. Ranar da na faɗa mata, ta shiga ɗaki ta kira shi a waya. Ina tsakar gida ina jin tana yi wa mutum mai shekara hamsin faɗa, tana kuka.

Da safe ta ba ni turmin atamfa da galan ɗin manja ta ce in kai wa matar manomin. Na same ta tana cirar kabeji. Da farko ba ta gane ni ba. Da ta gane, ta goge hannu a zane ta ce, "Yaya ƙafar oga? Ya warke?"