Layin da ke Ƙarƙashin A̱yang

Kawuna Gershon, ƙanen mahaifiyata, yana da shagon buga takardu a Kafanchan, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Katin biki, tsarin sujadar jana'iza, takardar neman aiki, duk shi ake kai wa. Bai karanci kwamfuta a makaranta ba, taɓe-taɓe ne ya koya masa. A gidanmu ni ce mai riƙe labarin kowa, shi ya sa nake so in ajiye nasa kafin a fara ƙara masa gishiri.

Bayan rasuwar kakarmu Keziya, dangi suka shirya sujadar tunawa da ita a ƙauyenmu, wajen Zangon Kataf. Kawu ya yi alkawarin buga ɗan littafin waƙoƙin da take rerawa a zumuntar mata, cikin yarenmu na Tyap. A rubutun Tyap akwai haruffan da ake ja wa ɗan layi a ƙasa, in layin ya ɓace furucin ya canza. Manhajar da Kawu ke tsara shafi da ita irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara ce. Sai dai tana ture layin gefe, ya faɗa ƙarƙashin harafin da ba nasa ba.

"Zan gyara ta," ya ce mini.

"Kawu, taka ce?"

"Ta kowa ce, Tamar. Kamar gayya. Amma kafin ka shiga gonar, sai ka gyara fartanyarka a gida."

Gyaran fartanyar shi ne ya sauke kwafin rubutun manhajar a kwamfutarsa, ya saka kayan aikin da ke haɗa rubutun ya zama abu mai tashi, sannan ya gwada kafin ya taɓa komai. Ya bi bayanin masu manhajar a hankali, tsakanin mai fotokwafi da mai neman kati, in wuta ta zo. Da ya kai ƙarshe sai jan rubutu ya cika allo, wai ba a ga foldar da ya ajiye kwafin a ciki ba. Ga folda kuwa a gabansa. Ya goge komai ya sake, aka maimaita masa.

Malama Irene ce ta gano matsalar. Ajinsu ɗaya da Kawu a firamare, yanzu tana koyar da kwamfuta a Manchok, ta zo buga tambayoyin jarrabawa. Ta leƙa allon tana cin gyaɗa.

"Injiniya, wane suna ka sa wa kwamfutar nan?"

"A̱yang."

A̱yang a yarenmu uwa ke nan. Ranar da Kawu ya buɗe shagon, Kaka ta ɗora hannu a kan kwamfutar ta yi addu'a, tana kiran ta talabijin ɗin Gershon. A ranar ya sa mata wannan suna, da layinsa a ƙasa.

"To ai shi ne," in ji Malama. "Adireshin kowace folda da sunan nan yake farawa. Kayan aikin sun zo kan layin, sun yi tuntuɓe. Buɗe wani suna mara layi, kafin in gama gyaɗar nan ka wuce wurin."

Kawu ya juyo ya dube ta.

"Layin da na zo gyarawa shi zan fara gogewa?"

"Tun firamare kanka da tauri. Sujadar fa ba za ta jira ka ba."

Gaskiyarta. Ni ma na so ya bi maganarta, don na san yadda mahaifiyata ta sa rai a littafin. Amma ya ce duk wani mai yaren Tyap da ya biyo bayansa a nan zai faɗi. Ya rubuta wa masu manhajar, Malama tana gyara masa Turanci tana tsaki. Wata mata daga ƙasar waje ta amsa, ta ce ba wanda ya taɓa gwada irin wannan suna. Ta nuna masa wurin da abin ke lalacewa, ta ce ya gyara ya turo. Ya tura, aka dawo masa da shi don bai haɗa da gwaji ba. Ya sake turawa, aka karɓa. Manhajar ta tashi a kan A̱yang.

Lokacin kuwa ya riga ya ƙure. Asalin matsalar, layin da ke zamewa, bai ko taɓa ta ba. Ya buga littafin babu layuka, muka zauna ni da shi da biro muna ja da hannu, shafi bayan shafi. Nawa sun fi miƙewa.

A sujadar, matan zumunta ba su ko duba littafin ba, waƙoƙin suna bakinsu. Kawu ne kaɗai na ga yana bin kalmomin da yatsa.

Har yau yana kan gyaran layin, in kasuwa ta lafa. Malama Irene ta kan leƙo ta ce, "Injiniya, ya gonar?" Ya kan ce ya dai shiga.