Taku Arba'in na Badaru

Shekara ashirin da biyu ina yanka wa Badaru ƙarfe. Ni mai walda ne a Safana, shi mai zanen allo. In mai shago yana son allo, ni nake haɗa shi, Badaru ya zo da gwangwanayen fentinsa ya zana abin da ake sayarwa: kaza, almakashi, taya, kwalbar magani. Ba abokan hira ba ne mu. Ban taɓa jin ya yi maganar minti biyar a jere ba, shi ya sa ma na iya zama da shi.

Mutumin Runka ne, a da daga can yake zuwa aiki. Ya baro can lokacin da kwana a gida ya gagara saboda 'yan bindiga. Matarsa Zuwaira ta rasu a daminar farko da suka yi a Safana. Ɗansa ɗaya yana gadi a Kaduna, yana kira ranar Salla. Tun daga nan Badaru yake kwana a ɗakin da ke bayan shagona, tare da gwangwanayensa.

Yana da wata al'ada da ake yi masa dariya a kanta. In ya gama allo, sai a jingina shi a bango, ya juya baya, ya ƙirga taku arba'in, ya waiwayo sau ɗaya. Kallo ɗaya tak, irin na mai wucewa a kan babur. Abin da ya gani a wannan kallon, shi ne abin da ke kan allon. In bai gane shi ba, sai ya shafe da farin fenti, ko da ya kwana uku yana aikin. Na ga ya shafe wani rago da kowa ke yabo, saboda daga nesa ya ga kare.

Da injin buga bana, allon talla na leda, ya zo, aiki ya tafi. Yanzu mai shago yana aika hoto ta waya zuwa Katsina, gobe a kawo masa bana mai ƙyalli. Badaru bai yi ƙorafi ba. Kullum da safe yana wanke buroshinsa da kananzir, ya jera su a kan buhu, ya zauna. Da yamma ya tattara.

Bara, bayan an gama girbin gero, wata yarinya ta sauka daga babur a ƙofar shagona da jakar kwamfuta. Ta gaishe ni, ta wuce wurinsa ta durƙusa.

"Baffa, ba ka gane ni ba."

Ya dube ta. "Sa'adiyya 'yar Usaini. Goshin nasa ne."

Usaini makiyayi ne, maƙwabcin gonar Badaru a Runka. Shanunsa ke yi wa gonar taki da rani, Badaru ke ba shi dawa. Ɓarayin shanu sun kashe shi shekara shida da suka wuce, suka kore garken. Iyalinsa suka koma Batsari. Sa'adiyya ta yi karatun kwamfuta a Katsina, kuma ta yi shekara biyu tana haɗa wani wasa na waya: kana kora shanu gida kafin rana ta faɗi, kana kiyaye su kada su shiga gonar mutane. Ta sa shi a kantin da ake sauke wasanni a waya. Wata guda, kusan ba mai taɓawa.

Ta bayyana mana cewa a kantin nan, abin da mutum ke fara gani shi ne wani ɗan hoto da bai fi farcen babban yatsa ba, cikin ɗaruruwan irinsa. In ya ja ido, a danna. In bai ja ba, yatsa ya wuce.

"Malamina ya ce launin ne bai yi ba. Ƙawayena sun ce rubutun ne. Sai innata ta ce in zo wurinka, wai kai ka san abin da ido ke gani."

Ta buɗe kwamfutar. Hoton yana da kyau, ba zan hana shi ba. Rana ja tana faɗuwa, shanu sun kai goma sha biyar, sunan wasan a sama, a tsakiya wani dogon mutum da malfa, ya gicciya sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwa biyu a kanta. Tsayuwar Usaini ce sak. Daga wani tsohon hotonsa ta zana shi.

Badaru ya ce da ni, "Nu'uman, ɗora ta bisa durom ɗin can."

Na ɗora. Ya juya, ya tafi yana ƙirgawa har ya kusa kai wa wurin mai faci. Ya waiwayo.  Ya dawo a hankali.

"Rubutun ba ya karantuwa. Shanun sun zama shinkafa. Wanga duk mai sauƙi ne."

"To me ye mai wuyar?"

"Na ga ɗan bindiga ya koro shanun sata."

Ta rufe kwamfutar da ƙarfi. "Baffa, sanda ce. Ka san sanda ce. Baba ne."

"Ni na sani. Mai wucewa bai sani ba. Mutum baƙi ƙirin, jan sama a bayansa, abu a kafaɗa, shanu a gaba. A ƙasan nan mi kike so a gani?"

Ta juyo wurina kamar zan cece ta. Na ce ban san zane ba, amma ƙafa ina da ita. Na taka arba'in ɗin nan na waiwaya. Na gaya mata gaskiya: in na ga wannan a hanyar Karare, juya babur zan yi.

Sai ta zauna a kan benci ta ciro wayarta. Ta nuna mana abin da wasu suka rubuta a ƙarƙashin wasan, wanda ba ta gaya wa ko innarta ba. Wani ya ce ashe har wasan 'yan ta'adda aka fara yi. Ta ɗauka ƙiyayya ce kawai.

"Ba zan cire shi ba," ta ce. "Sun kashe shi, sun kwashe shanunsa. Ba zan cire shi daga hoton nan don su ba."

Badaru bai lallashe ta ba. Bai iya ba. Ya ce ta dawo ranar kasuwa, ya ce da ni in yanka masa fallen ƙarfe mai kusurwa huɗu daidai.

Kwana huɗu ya yi a kai. Rabon da in ga hannunsa da fenti har na manta. Ya fara zana Usaini da sandar a tsaye a ƙasa. Daga taku arba'in sai ya zama mai gadi. Ya shafe. Ya zana fuskarsa babba. Daga nesa ta zama fuskar kowa. Ya shafe. A rana ta uku na kai masa tuwo, na same shi zaune gaban farin falle, bai sa komai ba.

"Mi Usaini ke yi da safe in ya fito?" ya tambaye ni.

"Ina zan sani? Kai ne maƙwabcinsa."

"Da kaina nake magana."

Ranar kasuwa Sa'adiyya ta dawo. Allon yana jingine a bakin titi. Shuɗi ne fes, ba rana, ba rubutu. Kan farar saniya ɗaya ya cika shi, ƙahonin sun kai kusurwa biyu na sama, ta lumshe ido. A goshinta akwai hannu, baƙin hannu mai dogayen yatsu, a kwance. Abin da ke ciki ke nan.

"Ina Baba?"

"Ga shi nan."

"Hannu kawai?"

"Iyakar abin da zai shiga farce ke nan, a gan shi yadda yake."

Ba ta yarda ba, kuma ban ga laifinta ba. Sai Badaru ya ce kada ta ji tasa. Muka tsaya can gaba da allon, muna tsayar da masu babur da suka wuce shi, muna tambayarsu me suka gani. Na farko ya ce tallan madara. Na biyu ya ce saniya da mai ita. Wani ya ce shi bai ga komai ba, rami yake dubawa. Sai wata tsohuwa mai tallan nono, a bayan babur da ƙwaryarta a cinya, ta ce, "Saniyar nan ta san hannun nan. Ba ta rufe wa baƙo ido."

Sa'adiyya ta koma wurin allon ita kaɗai. Ta daɗe a tsugune. Daga baya ta ɗauki hotonsa da wayarta, daga kusa, sau da yawa. Ta miƙa wa Badaru wani abu a dunƙule, ya ƙi karɓa. Ta hau babur ɗin Batsari.

Ta kira ni bayan mako uku. Ta ce ta canza hoton. Ana sauke wasan, ba da yawa ba, amma ana saukewa, kuma ba wanda ya sake kiran ubanta da wancan sunan. Ta ce za ta zo. Ta samu aiki a Katsina, ba ta zo ba tukuna.

Na nemo wasan a wayata na kai masa, tunda shi wayarsa ba ta hoto. Ga saniyar, 'yar mitsitsiya, a tsakanin motocin tsere da sojoji. Ya karɓi wayar ya jingina ta a bango, ya juya zai fara ƙirga.

Na ce, "Badaru, ƙanƙantarta ta riga ta yi maka tafiyar."

Ya tsaya. Ya dawo ya ɗauke ta, ya kalla sau ɗaya, ya miƙo mini.

"Ta karantu," ya ce.

Allon yana ɗakinsa har yanzu, jingine da bangon da yake fuskanta in ya kwanta. Ɗakin bai fi taku huɗu ba. Wani aikin bai zo ba tun daga nan. Da safe yana wanke buroshinsa, ya jera su a kan buhu.