Yahuza da Shafin Cacar da Ya Rufa Mini Asiri a Kai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Yuli, bayan azahar, aka bugo mini waya daga Gwaram cewa Yahuza mai gyaran kwamfuta ya rasu, bayan jinyar kwana huɗu. Shekararsa talatin da ɗaya.

Yahuza, ban yi maka adalci kana raye ba, kuma ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba. Ni Ƙasimu ba abokinka ba ne, mai ƙyashinka ne. Shagona na bakin titi a Birnin Kudu, amma sai mutum ya wuce ni da kwamfuta a hammata, ya hau mota har Gwaram, wai sai kai. Ni da na koya wa kaina aikin nan ba malami! Kai ko magana ba ka iya ja ba. Na sha cewa sa'a ce kawai take binka.

Bara, ranar da za a rufe cike fom na makarantar koyon jinya, Malam Iliyasu mai Islamiyya a Surko ya zo shagona da 'yarsa Nasiha. Ƙarfe huɗu za a rufe. Na buɗe burauza, na rubuta adireshin makaranta, sai ga shafin 'yan caca yana walƙiya. Na gwada na labarai, caca. Na gwada na tafsiri, wallahi caca. Malam ya kawar da kai yana a'uziyya. Na goge tarihin burauza, na sauya wata, na kashe na kunna, na zagi kamfanin layi, na zagi masu wutar lantarki. Nasiha ta rungume takardunta a ƙirji.

Ƙarfe uku da kwata, a gabana, a cikin shagona, Malam ya kira ka. Ashe kana gari. Da ka faka babur ji na yi kamar an mare ni.

Ba ka yi minti uku ba. Ka shiga saiti, ka ga wani baƙon adireshi da ni da hannuna na cusa, wanda aka raba a zaurenmu na hira a waya wai yana ba da intanet kyauta. Shi yake karkatar da kowane shafi zuwa gidan caca. Ka goge shi, shafin makaranta ya buɗe.

Malam ya ce, "Malam Yahuza, me ya same ta?"

Ka ce, "Ciwon na'ura ne, Allah gafarta Malam. Ƙasimu ya riga ya ci rabin aikin."

A bakin ƙofa ka raɗa mini, "Ɗan'uwa, kyautar intanet da ƙugiya a cikinta."

Godiyata ita ce, "Da ka bar ni minti biyar da na gano." Dariya kawai ka yi. Daga baya na bi majalisu ina cewa ka zo ne ka danna abin da na shirya. Na san maganar ta kai maka. Ba ka taɓa mayarwa ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi.

A jana'izarka na ga mutanen Basirka, na ga na Fagam, sahu har bayan masallaci. Allah Ya yafe mini, ko a nan sai da zuciyata ta ce, "Kai wa zai zo taka?" Sai Malam Iliyasu ya kama hannuna ya ce, "Kai da marigayi kuka tsaya wa Nasiha, ga ta tana karatu." Na kasa ɗaga kai.

To Malam, ga gaskiya a rubuce. Ni na ɓata, Yahuza ya gyara, ya kuma raba ladan da ni. Saura kaɗan na jawo wa Nasiha asarar shekara.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa Inna Batulu, da matarsa Khairiyya, da 'yarsa Rufaida. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya jiƙan Yahuza, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Yahuza, asirin da ka rufa mini yau na tona shi da kaina. Allah Ya rufa maka naka ranar da ba mai rufawa sai Shi. Amin.