Koren Baba Labo

Hambali ɗan Gidan Sori ne, amma duk wanda ya san kasuwar Gidan Rumji ya san rumfarsa, nan kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi. Lakol bai riƙe shi ba. Tun yana aji biyar malaminsa ya ce wannan yaro hannunsa ya fi kansa ilimi, kuma bai yi ƙarya ba. Da rediyo ya fara, ya koma fitilu, har ya kai ga salula. Yanzu ya doshi arba'in, idanunsa sun yi ja saboda leƙen ƙananan wayoyi. Yana da hali ɗaya da mutane ke yabo, ni kuwa har yau ban san ko yabo ya kamata ba: ba ya iya ganin mutum yana wahala da na'ura ya ƙyale.

A shekarun da ɓarayin shanu suka matsa wa yankin iyaka, wani ɗalibin jami'ar Maradi mai suna Fahad ya kawo masa wata manhaja ta aika gajerun saƙonni. Ya ce ba ta kowa ba ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, kamar injin ban ruwa. Da ita makiyaya za su riƙa sanar da juna inda aka ga 'yan bindiga da inda hanya ke da lafiya.

Kasuwa uku suna tallarta, ba wanda ya karɓa. Sunanta ba ya faɗuwa a bakin kowa, hotonta wata dabba ce mai hauren da ba a taɓa gani ba, kuma kafin ka shiga sai ta yi maka tambayoyi kamar jandarma a shinge. Baba Labo, dattijon makiyayan da ke bayan Cadakori, ya juya salular sama da ƙasa, ya mayar wa Hambali, ya ce shi ba ya karɓar labarin daji daga bakin dabbar da bai sani ba.

Maganar ta tsaya wa Hambali a rai. Ya zaunar da Fahad suka yi wa manhajar aski. Suka sa mata suna Ƙaho, suka zana ƙahon jan sa. Rubutu ya tafi, aka bar maɓalli uku manya: ja na haɗari, kore na hanya lafiya, da na magana. A madadin suna, kowane gida aka sa masa tsagar da yake yi wa shanunsa a kunne, domin makiyayi yana iya manta fuskarka, amma ba ya manta shaidar garkenka. Shi Hambali da ba shi da ko ɗan maraƙi, ya sa wa kansa hoton sukundireba.

Kafin damina ta faɗi, Ƙaho ya shiga rugage. Abu ɗaya ya rage, lambar sirri. Sau uku Baba Labo yana manta tasa, sau uku yana hawo moto har kasuwa, a na ukun ya rantse zai jefa salular a rijiya. Hambali ya ji kunyar tsohon, ya cire lambar ga kowa da kowa. Fahad ya kira shi daga Maradi ya ce wannan ƙofa ce aka cire wa ɗaki, duk wanda ya riƙe salular mutum ya zama mutumin. Hambali ya yi dariya, ya ce su mutanen jami'a sun fi son ƙofa da mai ɗakin.

Baba Labo ya zama idon kowa a hanyar da ta ratsa fadama. Sai dai bai taɓa danna kore shi kaɗai ba. Ya ce labarin da ba sallama ba labari ba ne. Sai ya danna na magana, ya gaida jama'a, ya tambayi shanu da ruwa da gajiya, sannan can ƙarshe ya ce hanya lafiya. Ana yi masa tsiya cewa kafin ya gama gaisuwa ɓarayi sun sha fura sun wuce. Tahiru, mijin Hafiza ƙanwar Hambali, shi ma ya ɗauki ɗabi'ar. Duk inda ya tsallake sai ya ce a gaya wa uwar gida ya wuce.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Tahiru ya kamo hanya da shanu goma sha biyu, rabin abin da gidansu ya mallaka. Ya tsaya bakin fadama yana jiran labari. Hambali na cikin gyaran wata salula sai Ƙaho ya yi ƙara. Shaidar Baba Labo ce, da kore. Ya jira gaisuwar. Ya ajiye sukundireba, ya ƙara jira. Ba ta zo ba.

Ya kira lambar tsohon. Aka ɗauka, ya ce, "Baba, ina kwana?" Ba a amsa ba. Yana jin iska, yana jin kukan shanu da yawa, yana jin numfashin wani mutum da ke sauraronsa. Sannan aka kashe.

Ya kira Tahiru, rezo ya ƙi, kiran bai shiga ba, alamar ya riga ya gangara cikin fadamar. Hambali ya danna ja, ya sake dannawa, ya yi magana yana roƙon kowa ya tsaya. Amsa ɗaya ta zo, daga wani makiyayi da ke bayan Tahiru da nasa garken. Cikin ladabi ya ce sun gode, amma shi mai gyara yana cikin kasuwa, Baba Labo kuwa yana daji. Tsagar kunne suka sani, kuma Hambali da kansa ya koya musu haka.

Ya aika a sanar da jandarma, ya zauna. Rana ta take. Bai san lokacin da ya fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa ba. Gab da azahar Ƙaho ya sake ƙara. Shaidar Tahiru ce, tsaga biyu a kunnen dama, da kore, ba magana.

Bai daɗe ba sai ga Hafiza, ta zo kasuwa tun safe tana jiran mijinta. Ta ratso cikin mutane da fara'arta, ta ɗaga masa salularta yana ganin koren.

"Yaya, ka gani, ya ƙetare lahiya," in ji ta. "Sai dai yau bai ce a hwaɗa mini ba. Ko sauri shika yi?"