Makaɗin da Hoto Ya Cinye wa Hannu

A gidanmu na Getso, zamanin da Bature ke zagaye a kan doki, in sanyi ya shigo ɗakin kakarmu Iya Dudu muke tarewa bayan isha'i. Ta hura wuta da karan dawa, hayaƙi ya turnuƙe har sauro ya nemi sulhu. Ni kuwa bakina ba ya hutu, ko liman ke addu'a sai na tsoma. Iya ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Angona.

Akwai tatsuniyar da take yawan yi mana. "Ga ta nan ta taso," in ji ta. Mu ce, "Ta ƙaraso mu ji."

Wai wani makaɗin kalangu ne, mahauta ba sa fiɗa da daɗi sai sun ji hannunsa. Ran kasuwar Gwarzo mai hoto ya zo daga Kano da akwati mai ƙafa uku. Ya ce ya gaji da ɗaukar masu rawani a sandare, makaɗi yake so. Ya kafa zana a bayansa, ya ɗora shi kan turmi, ya sa aka riƙe sabuwar tasa tana watsa masa rana a fuska. Sannan ya shige baƙin mayafi ya ce kar a motsa.

"To ku ji, kalangu a hammata a ce kar a motsa? Hannu ya dinga ƙwacewa. Da mai hoto ya gaji sai ya ce, kai dai ya tsaya cak, hannu ya yi abin da ya ga dama."

Hoto ya fito, fuska tar, hannuwa babu, sai wani fari-fari kamar hayaƙi.

Rannan na ce, "Iya, ai wannan wawa ne. An ɗora ƙato a turmi kamar biri, an cinye masa hannu, da ƙafa zai ci tuwo? Da ni jikansa ne, garin zan bari."

Yara suka kwashe da dariya. Ƙanwata ta ce, "Wai ya sunansa?"

Iya ta ce, "Wane." Ta gyara wuta, ta jawo adudu, ta warware wani tsumma ta miƙo min hoton da ke ciki. "Angona, duba ko za ka gane wawan."

Kunnuwa na fara gani, faka-faka kamar faifai. Nawa sak. Sai a lokacin na lissafa: mace ba ta kiran sunan mijinta, ni kuma sunan kakana na ci. Duk tatsuniya tana rufewa da ƙurunƙus, ban da wannan. Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ƙi.

Ashe tun da Baba ya zama malamin hakimi ya hana a ambaci kiɗa a gidan. Tatsuniyar nan ce kaɗai ƙofar da take shigo mana da mijinta, ni kuma na rufe ta da bakina. Ba ta sake yin ta ba. In na roƙa sai ta ce, "Wawa ya yi barci."

Yau hoton yana jikin bangona. Baƙi kan ce ya lalace. In ce musu ku matso, shi kaɗai ne hoton da ake jin kiɗa a cikinsa. Jikokina kuwa in sun tambayi sunansa, nakan faɗa da ƙarfi: Ɗanladi mai kalangu. Sunana ne.