Ɗan Gida da Kwamfutocin Baffa

Ba da jimawa ba bayan sojoji sun koma bariki, Baffa, ƙanen mahaifina, ya sayo kwamfutoci ya jera a ofishinmu na unguwar Koki. Fatu da ƙiraga muke sayarwa tun kakanni, kuma masu sayen kayanmu na ƙetare sun ce sun gaji da jiran wasiƙa, sai imel. Tunda ni na yi boko a gidan, aka ce in nemo kamfanin da zai riƙa kula mana da su. Tarihi na karanta, amma ba wanda ya tambaye ni.

Na sha yawo. Wasu suka zo da kwat da Turanci, suka tsaya a bakin ƙofa suna toshe hanci saboda warin fata. Wani ya yi min alkawarin komai tun ban gama faɗin matsalarmu ba. Daga ƙarshe na samu wani ƙaramin kamfani a wajen ganuwa, wata Hajiya ke riƙe da shi. Ta zo da kanta, ta tambayi yadda muke aiki, yaushe ake ɗauke mana wuta, wa ke taɓa wace kwamfuta. Ta ce za su riƙa zuwa dubawa, su kuma ajiye kwafin bayananmu a wurinsu ko da wani abu ya faru.

Nan Baffa ya tsayar da ita.

"A wurinku? Sirrin cinikinmu ya kwana a hannun baƙi?"

"Alhaji, yarjejeniya za mu sa wa hannu."

"Hajiya, mun gode. Allah Ya bar zumunci."

Tana fita ya ce ɗan amininsa na Yakasai ya iya kwamfuta, kuma ɗan gida ne. Na yi magana har muryata ta dushe. Baffa ya ce tun kafin a haife ni yake cin abinci kwano ɗaya da uban mutumin.

Ɗan gidan nan mutum ne mai fara'a, ba zan ɓoye ba. Sai dai siyasa ta riga mu kama shi. Wani ɗan takarar shugaban ƙaramar hukuma yake bi. In na kira shi, kiɗa da ihun taro nake ji. "Yaya, ga ni nan tafe," in ji shi, sai bayan sati in gan shi. Ranar da ya zo kuwa, firintarmu ce ke shan wahala, hoton maigidansa take fitarwa har tawada ta ƙare.

Wata Litinin babbar kwamfutar ta ƙi tashi, ga mai saye yana jiran amsarmu kan babban oda. Na buga wa ɗan gidan waya ba a ɗauka ba. Na je gidansu aka ce yana ƙauye kamfe. Kafin ya dawo, mutumin ya sayi fatunsa a wani wurin, abin da ke cikin kwamfutar kuma ya tafi ke nan.

Na ce wa Baffa a sallame shi.

"In dubi idon ubansa in ce me? Kai da ka yi boko, me ya hana ka gyarawa?"

Na tashi na fita don kada in faɗi abin da zan yi nadamarsa.

Ba mu taɓa sallamarsa ba. Maigidansa ya ci zaɓe, ya ba shi muƙami, ɗan gidan ya daina zuwa don kansa. Aka lulluɓe kwamfutocin da tsohon zane. Ni kuwa na shekara ina hawa acaɓa zuwa shagon intanet a wajen gari, in bi layi da 'yan makaranta, in aika saƙon kamfaninmu.